Yadda Na Kai Iya Gobir Don In Baro Ta

Tun da na dawo daga Gobir ba a bar ni na sha fura cikin kwanciyar hankali ba. Wadda ta zo aron turmi sai ta tsaya kallon ƙafata. Wadda ta zo barka da dawowa, bakinta na gaishe ni, idonta na leƙen ɗakin Iya. Kowa "Gwaggo Rabi, ya hanya? Ya Gobirawa?" Na san ba hanya ce ta dame ku ba. So kuke ku ji yadda aka yi na tafi da tsohuwa don in baro ta, na dawo da ita, na kuma dawo ba takalmi. To, sau ɗaya zan faɗa. Ni ban yi lakol ba, ban iya rubutu ba, amaryar gidanmu ce ke rubutawa, Zuwaira matar ɗana, na kuma gaya mata in ta rage kalma ɗaya zan sa a karanta mini in gane.

Ga wadda ba ta sani ba, Iya uwar marigayi maigidana ce. Bagobira ce, da zanenta har kunne. An kawo ni gidanta nan Gazawa ina yarinya, yau ga furfura ga jikoki, amma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai "amarya". Ba ta taɓa cin tuwona ta yi shiru ba. In bai yi tauri ba ya yi ruwa, in ba ko ɗaya to akwai gudaji. Tana da wata muciya, baƙa wuluk, gefe ɗaya ya cinye saboda tuƙi, a naɗe cikin tsohon zane, rataye a kan gadonta. A gidansu, ranar da uwar miji ta gamsu da hannun matar ɗanta sai ta miƙa mata muciyarta, daga ranar tukunya ta zama tata. Ni da muciyar kasuwa na tsufa. Ko ƙurar waccan ba a ba ni izinin kaɗewa ba.

Da maigida ya rasu kowa ya ɗauka Iya za ta koma wajen 'yarta. Ta ce ita ba kaya ba ce. Muka ci gaba da zama, ni da ita, kamar ba abin da ya faru.

Sai ga maganar Malam Idi mai awon aya. Kada wadda ta yi dariya. Na haura hamsin, gwiwata na ƙara in na tashi daga tabarma, wani zafi na taso mini daga ƙirji har tsakar ka ko ana ruwan sama, amma ban mutu ba. Matarsa ta rasu, ya aiko da goro, ya aiko da takalmi ja mai ɗan dunduniya. Ya kuma aiko ƙanwarsa ta faɗa mini ba kwana-kwana: Rabi yake so, ba Rabi da uwar mijinta ba. Ban ga laifinsa ba. Barin ta wa Zuwaira kuwa ba zai yiwu ba, don an taɓa gwadawa lokacin da na kwanta zazzaɓi, Iya ta ƙi cin girkinta har ta suma a bakin randa. A nan ma ban ga laifin Iya sosai ba. Rubuta, Zuwaira, ba da ke nake ba.

Na sa ɗana ya kira wani jikan wan Iya da ke Cadakori, Ɗan Ladi, aka tambaye shi ko zai riƙe ta. Ya ce a kawo ta, ai uwa ce. Abin da ya rage shi ne yadda zan gaya mata.

Ban gaya mata ba. A 'yan kwanakin ta ɗauki wata ɗabi'a: in rana ta take, sai ta daina tauna, ta juya fuska yamma, ta ja mayafi ta rufe kai kamar wadda babba ya shigo wa. Wata rana tana cikin haka ta ce, "Amarya, ki wanke mini saƙina. Ana kirana gida."

Na ce, "Wa ke kiranki, Iya?"

Ta ce, "Wadda ba ta kira sau biyu."

Na ce a raina, Allah ya kawo sauƙi, ita da kanta ta nema.

Ƙarshen damina ne, gero ya fid da kai. Muka je tashar Gazawa da safe, ni da ƙunshin kayanta duka a kaina, ita da muciyar nan a rungume. Ban ce ta ɗauko ba, ban kuma isa in ce ta ajiye ba. Muna shiga motar Maradi ta kwantar da ita tsakanina da ita, a kan kujera, ta ce in matsa. Direba ya ce wurin mutum guda ne wannan. Iya ta ce ai ta sani. Na biya, don ba na son a tara mini jama'a.

An cusa mu kamar buhunan aya, kowa gwiwarsa a cinyar wani, ƙofa ɗaure da igiya. Wata 'yar kasuwa mai jiki ta shigo daga ƙarshe tana masifa ba wuri. Ta gaishe ni, ta gaida Iya, sannan ta ɗan rusuna wa tsakiyarmu ta ce, "Sannu, Inna." Ta zauna a takure. Har muka rabu da ita ba ta bari ko gefen zanenta ya taɓa wurin ba. Ni ba abin da ke wuce idona.

Gaba da Agye akwai shingen jandarma. Kun san yadda zamani ya zama, ga iyaka kusa, kowane dogon abu a naɗe sai an tambaya. Wani saurayin jandarma ya leƙo, idonsa ya faɗa kan kayan Iya, ya gyara riƙon bindigarsa.

"Hajiya, mene ne wannan?"

Iya ta ce, "Ɗana, ka wanke hannu?"

Ya ce a miƙo. Ya warware zanen a hankali, yana ja da baya da fuskarsa, sai ga muciya. Aka fashe da dariya, har direba na dukan sitiyari. Shi ma jandarman ya fara dariya, sai ya tsaya. Ya sauya ta zuwa ɗaya hannun, ya shafa tafinsa a wando.

Ya ce, "Da ɗumi. Kamar yanzu aka zaro ta daga tukunya."

Na ce, "Rana ce, ɗana."

Ya dube ni, ya dubi wurin da take kwance, tsakiyar mota, inda rana ba ta kai ba. Ya naɗe ta da kansa, ya miƙo da hannu biyu, bai ko tambayi takardun kowa ba ya ɗage shinge.

A Cadawa taya ta fashe, kuma ranar kasuwa ce. Aka sauke mu gindin wani bedi, itacen dogonyaro. Na je wajen wata mai dambu da zogale, na nuna mata inda muke zaune, na ce ta zuba mana. Mutanen Cadawa suna da hannu wajen mai, wannan na yarda, amma barkononsu kamar suna jin tsoronsa. Matar ta biyo ni da kwano uku.

Na ce, "Mu biyu ne."

Ta ce, "Ina tsohuwar mai baƙin zane, wadda ke zaune tsakaninku?" Ta duba, ta sake dubawa. Ta ce, "Au. Ko idona ne." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta juya za ta koma da kwanon.

Iya ta ce, "Aje shi. Ba a kawowa a mayar."

Aka ajiye kwanon a inuwa kusa da muciya. Wata akuya da ke ta damun mutane, har ta sa baki a kwandon wani, ta zo daf da shi ta tsaya, ta yi atishawa, ta juya. Da aka gyara taya na ga za a bar abinci a ƙasa, ni kuwa ba a zubar da abinci a gabana. Na ɗauka na kai baki. Tukunya ɗaya aka zubo shi da nawa, a gabana aka zuba mai da gishiri, amma wallahi kamar na tauna dusa. Ba gishiri, ba mai, ba komai. Iya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin ci saura, amarya. Ba laifi, ai hakkinki ne."

Maradi ba abin da zan ce a kanta sai hayaniya da 'yan moto masu haya da babur da ba su san girman kowa ba. Muka sauya mota. Ba wanda ya kafa alama a inda ƙasar Katsinawa ta ƙare Gobir ta fara, amma kana kusantar Tibiri za ka ji a bakin mutane. "Mi kika ce?" "Ina kunka hito?" Gaisuwarsu ba ta ƙarewa, sai an tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a koma kan gida. Furarsu kuma ruwa-ruwa ce, mu a Gazawa in ka kawo wa baƙo irinta sai ya ɗauka an yi rashi a gidan. Matansu suna magana da ƙarfi kamar suna kiran wani a gona. Nan na gane ashe Iya ba faɗa take yi mini ba duk shekarun nan, ko in ce rabin abin ba faɗa ba ne.

Ita kuwa tun da muka shiga Tibiri bayanta ya miƙe. Matar da sai na riƙe ta take zuwa bayan gida, ta sauko daga mota da kanta. Harshenta ma ya koma na can, wanda na ɗauka ta manta.

Mun isa Cadakori bayan la'asar. Ɗan Ladi mutum ne mai sanyin hali, ya kusa tsarata, gemunsa rabi fari rabi lalle, kamar ya fara shafawa aka kira shi. Ya durƙusa har ƙasa. Matarsa ta fito da ruwan baƙi, moɗa uku a kan faifai. Ta ajiye, ta koma da baya-baya.

Sun share ɗaki, sun shimfiɗa sabuwar tabarma, har da gidan sauro. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da daudawa ta yi wa yawa. Ina jira in ji Iya ta fara, sai na ga ta cinye tas, ta suɗe yatsu, ta ce wa matar Allah ya yi albarka. Tuwon nan kuwa na ga gudaji a cikinsa da idona. Na ji daɗi, don dai ga shi za ta ci abincin gidan, hanyata ta buɗe. Na kuma ji haushi, na ɗora wa daudawa laifin.

Na ja Ɗan Ladi zaure muka shirya. Da safe zan ce na tafi kasuwa, in hau mota. Na ɓoye ƙunshina bayan randa. Ya ce duk ya ji, sai dai abu ɗaya.

"Gwaggo, za ta ce a kai ta Naroro."

Naroro shi ne ƙauyen da aka fara kai Iya aure, inda ta haifi maigidana kafin su yi gabas. Na ce to a kai ta mana, ta ga dangi.

Ya ce, "Ba kowa can. Tun kafin a haife ni rijiyarsu ta rufta, gari ya watse. Gonaki ne yanzu." Ya sosa gemu. "Mu dai ba mu cika bi ta nan da rana tsaka ba."

Gari na wayewa na tarar da ita zaune cikin saƙinta, ta sa kwalli, muciya a cinya. Ta ce, "Amarya, tashi. Ba a barin babba shina jira." Na dubi randa, na dubi tsohuwa. Na ce a raina wannan ne aike na ƙarshe, in kai ta in dawo da ita, motar yamma ma mota ce. Na sa jan takalmina don daga can sai tasha.

Ɗan Ladi ya ɗaura wa sansa amalanke. Muka bi ta cikin gonaki, rana na hawa. A hanya muka haɗu da wata Bafillata da ƙwaryar nono a ka. Ta ji inda za mu, ta sauke ƙwaryar.

Ta ce, "Naroro? Shanu namu ba ya kiwo wurin. Ciyawa akwai, ba ya ci. Rana tsaka muna ji daka, mutum babu." Ta dubi Iya, ta dubi abin da ke cinyarta, ta ɗebi nono a ƙaramin ƙoƙo ta miƙo. "Kai wa mai gida." Na ciro kuɗi, ta girgiza kai, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba da sauri har nono na zuba a kafaɗarta.

A bakin wata fadama san ya tsaya. Ɗan Ladi ya yi magana, ya yi tsawa, ya ɗaga sanda, sa ya kafe yana huci. Ya ce shi zai tsaya da dabba, kada ta ɓalle. Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na goya Iya, ita da muciyarta da ƙoƙon nono, na shiga taɓo. A tsakiya ƙafata ta dama ta nutse har ƙwauri, na zaro ta ba takalmi. Na taka ta hagu, ita ma haka. Na tsaya ina lalube da yatsun ƙafa, taɓon ya rufe sumul kamar ba a taɓa taka shi ba.

Iya ta ce a kunnena, "Bar su. Ba a shiga mata gida da takalmi."

Muka hau tudu muka shiga gero. Ya fi ni tsawo, ba ka ganin komai sai kara da sama. Ba kukan tsuntsu, ba ƙuda. Iya da ba ta bambance ni da Zuwaira sai mun yi magana, ita ke nuna mini hanya daga bayana. "Dama. Miƙe. Tsaya, nan gidan maƙera ne, ki gaishe su."

Na ce, "Iya, gero ne."

"Haka anka koya miki a Gazawa? Ki wuce ƙofar mutane kamar jaka?"

Ni Rabi, da furfurata, da tsohuwa a baya, na rusuna wa karan gero na ce, "Sannunku da gida." Ta sa na jira. Ta ce sun amsa, sun ce amaryar tana da jiki, Allah ya sa tana da hannu. Haka muka bi gida-gida. Na gaida masaƙa, na gaida gidan liman, na yi wa wata Ta-Rana gaisuwar ɗanta da ya faɗa rijiya. Tun ina yi da haushi har na ji muryata ta yi ƙasa da kanta, don a gida na huɗu ko na biyar na lura duk inda na yi sallama, ganyen geron wurin sai ya motsa, ba iska.

Sannan na ji dakan. Taɓarya ɗaya, a hankali, irin dakan wadda ba ta gaggawa kuma ba ta gajiya. Yana gabanmu. Iya ta ƙanƙame wuyana har na ji ƙasusuwan hannunta.

Gero ya ƙare kwatsam. Fili ne kewayayye, faɗin ɗaki da ɗan tsakar gida, ba ko tsiron ciyawa a ƙarshen damina. An share shi. Na ga sawun tsintsiya a ƙasa, layi-layi, irin sharar da ake farawa daga ƙofa. Sawun ƙafa kuwa babu. A gefe duwatsun murhu uku na tsaye. Ina sa ƙafa a filin dakan ya tsaya.

Iya ta zame daga bayana. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta rarrafa, ta ajiye ƙoƙon nono, ta durƙusa a karkace, ba ta fuskanci murhun kai tsaye ba, yadda sabuwar amarya ke yi gaban uwar miji. Da ta buɗe baki ban san muryar ba. Muryar yarinya ce.

"Inna, amaryarki ce. Na kawo."

Ta warware muciyar ta ajiye a gabanta. Ta ce ranar da gari ya watse, Inna, uwar mijinta, ta riga ta kwanta dama ba ta ba ta muciyar ba, ita kuma ta kasa barin ta a kango, ta ɗauka. Ta ce ba ta taɓa tuƙi da ita ba ko sau ɗaya. Sai a lokacin na gane: duk shekarun nan ba hana ni ta yi ba, ba tata ba ce balle ta bayar.

Ta kasa kunne tana saurare. Tana gyaɗa kai. "To, Inna. I, Inna. Gudaji. Na ji, Inna. Ya yi ruwa. To." Kanta na ƙara yin ƙasa, kafaɗunta na rawa. Matar da ko ranar da aka fita da gawar ɗanta ban ga hawayenta ba, ga shi yana ɗiga a ƙasa yana ɓata sawun tsintsiya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Tsohuwa, ki gafarce ni, ni baƙuwa ce. Amma wannan magana ba haka take ba. Na ci tuwon Iya tun tana da ƙarfi, ba a Gazawa ba, ko Maradi ba mai tuƙa irinsa. In akwai gudaji to a bakin mai ci yake. Ta goyo miki abinki daga wata ƙasa, tana da jika da tattaɓa-kunne, a bar ta haka nan mana!"

Komai ya tsaya. Geron da ke ɗan motsi ya tsaya cak. Na ji zafin nan nawa ya taso, amma wannan karon sanyi ne ya bi bayansa har tafin ƙafa.

Iya ta ce cikin raɗa, "Rufa mana asiri, amarya!" Ta koma saurare. An daɗe. Sai na ji ta yi wata 'yar dariya ta cikin hanci. "Ta ce wagga mai bakin ɗiyar wa ce." Ta sake saurare. "Ta ce ta ba ni. Ta ce amma hannuna ya tsufa."

Ta juyo a durƙushe, ta ɗauki muciyar da hannu biyu, ta miƙo mini.

Ta ce, "Rabi."

Na waiwaya, wallahi, don na ɗauka da wata take.

Ta ce, "Kin san ƙa'idarta. Wadda ta karɓa ita ke ciyar da wadda ta ba ta, har ranar da za a rufe ta. In ba ki so, ki bar ta nan kan murhu, ki mayar da ni gidan Ɗan Ladi, ki je ki ci ayarki. Ƙunshinki na bayan randa, ba wanda ya taɓa."

Ashe ta sani. Tun goron farko ta sani.

Na tuna shagon Malam Idi, da ɗakin da aka ce ya sa wa siminti saboda ni, da yadda zan kwana in tashi ba mai kirana. Na tuna jan takalmi a ƙarƙashin taɓo. Ga tsohuwa durƙushe, hannunta na rawa don muciyar na da nauyi, kuma ba ta sauke ba. Ga murhu na jira. Ba zan ce muku na yi wani dogon tunani ba. Na ga dai hannunta zai gaza, abin zai faɗi ƙasa a gaban mai shi, ni kuwa ba a yar da muciya a gabana. Na karɓa.

Da ɗumi, kamar yadda yaron nan jandarma ya ce. Kuma inda ta cinye a mariƙi, nan yatsuna suka zauna daidai.

Na goya Iya muka juya. Ta ce kada in waiwaya, ban kuwa yi niyya ba. Muna shiga gero dakan ya ci gaba a bayanmu. Abu ɗaya na gani da gefen ido lokacin da na sunkuya ɗaukarta: ƙoƙon nonon nan a kife yake, ƙasan wurin kuma a bushe.

Na san abin da wasunku za su ce, makircin tsohuwa ne, ta shirya don ta ɗaure ni. Na juya wannan a raina, don na san Iya, za ta iya. To amma wa ya share filin? Wa ya gaya wa mai dambun Cadawa? In ita ta shirya da akuya, to ta cancanci a ciyar da ita.

Da na gaya wa Ɗan Ladi tare za mu koma, ya ce kash, sun so ta zauna. Matarsa kuwa har da ba mu guzurin kaza, bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ba ni aron silifas ɗin mijinta, ɗaya ya tsinke tun a Tibiri, shi ya sa kuka gan ni na shigo gari yadda kuka gan ni. Sunan nan nawa kuma bai daɗe a bakin Iya ba. Muna kaiwa Cadawa ta ce, "Amarya, kin zauna mini kan zane."

Na aika wa Malam Idi cewa kaya biyu ne a haɗe, in zai iya. Ya aiko da mudun aya, wai a gaida Iya. Matar da ba ta da haƙori ko ɗaya. Ta ce ko a saƙonsa an ga hankalinsa. Yanzu ta bayan masallaci yake bi in zai je kasuwa. Allah ya ba shi mai takalmi.

Muciya na ɗakina, a kan gadona. Tuwon farko da na tuƙa da ita Iya ta ce ya yi tauri, ta kuma nemi ƙari. Zuwaira ta tambaye ni ran nan ko za ta ɗan gwada ta, tunda tata ta tsage. Haihuwarta biyar kacal, tana tambayar muciya. Na ce ta je kasuwa.

Shi ke nan abin da ya faru, kada wadda ta sake zuwa mini aron turmi da turmi a gidanta. Ke kuma amarya, kafin ki ajiye alƙalamin nan, rubuta cewa tuwonki na jiya akwai gudaji. Kada ki dube ni, ba ni kaɗai na faɗa ba. Mu uku muka ci, ni da Iya da mai muciyar ta asali, kuma bakinmu ya zo ɗaya.